Kash! Mun gyara sanarwa, wayarku na nuna ta jiya

Bari in fara da tona wa kaina asiri, tunda saura 'yan watanni in bar makarantar nan, kuma waɗanda abin ya shafa sun riga sun yafe min, ko dai haka suka ce.

A zangon da ya wuce ina cikin masu kula da shafin intanet na ƙungiyar ɗaliban sashenmu. Wata Laraba da yamma wakilin aji ya kira ni, ya ce an dawo da tes ɗin gobe daga ƙarfe 10 zuwa ƙarfe 8 na safe, saboda wani aji zai shiga hol ɗin. Ya turo min hoton sabon jadawali. Na buɗe laftof, na cire tsohon hoton, na ɗora sabon da sunan da na tarar, jadawali.jpg, don kada in wahalar da kaina da taɓa rubutun shafin. Na danna Ctrl da F5 kamar yadda hannuna ya saba, sabon jadawali ya fito tas, ƙarfe 8 ɓaro-ɓaro. Sai na rubuta a guruf ɗinmu na WhatsApp cewa an sabunta jadawali, kowa ya duba shafi. Ban rubuta sabon lokacin a cikin saƙon ba. Na rufe laftof na tafi neman garau-garau.

Washegari wajen tara da kwata wata 'yar ajinmu da ke zuwa daga cikin gari ta sauko daga adaidaita sahu hankalinta kwance, a tunaninta ma ta yi sammako. Ta tarar ana karɓar takardu. Malam ya ce ai tun jiya aka saka a shafi. Ta ce wallahi Malam na duba da daddare, na sake dubawa bayan asuba, ƙarfe 10 na gani. Ta buɗe wayarta a gabansa, ga ƙarfe 10. Wani ya buɗe tasa, ga ƙarfe 8. Adireshi ɗaya, shafi ɗaya, amma kowace waya da jadawalinta. Kuma ba ita kaɗai ba ce ta makara a ranar. Ina tsaye a gefe na ji wani yana raɗa wai haɗa hoton ta yi don ta samu uzuri. Wannan maganar ce ta fi damuna, don na san ba ƙarya take yi ba, Malam ma ba ƙarya yake yi ba. Ni ne na yi aikin rabi da rabi.

Abin da nake so in ce a wannan rubutu ke nan. Duk wanda aka damƙa wa kalmar sirrin wani shafi a makarantar nan, na ƙungiya ne, na sashe ne, ko na ita kanta ƙungiyar ɗalibai, aikinsa bai ƙare ba don ya danna maɓallin ajiyewa ya ga gyara a kwamfutarsa. Sai sanarwar ta bayyana a wayar wanda aka yi ta dominsa. Idan ba ta bayyana ba, alhakin yana wuyan mai gyara, ba wuyan mai karatu ba. Mu kuwa mun saba da amsa guda ɗaya mai sauƙi: “matsalar netwok ɗinka ce.” Sau da yawa netwok ba shi da laifi ko kaɗan.

Mai laifin, idan ma za a kira shi haka, shi ne abin da Turawa ke rubutawa cache, su furta shi kash. Asalin kalmar Faransanci ne, daga ma'anar ɓoye abu. Ni dai duk sanda na ji ta sai in yi dariya, don daidai take da abin da Bahaushe ke faɗa idan ya yi ɓari. A Hausance za mu iya ce mata ma'ajiyar wucin gadi.

Ku ɗauki mai fotokofi na bakin get. Malam ya ba shi takardar lakca, ya ajiye kwafi ɗaya a durowa. Duk ɗalibin da ya zo, daga wannan kwafin ake buga masa, ba sai an je an ƙwanƙwasa ofishin Malam ba. An huta, Malam ma ya huta. To ran da Malam ya gano kuskure a shafi na uku ya gyara a kwamfutarsa, me ya canza a shagon? Babu. Mai fotokofi zai ci gaba da buga tsohuwar har sai wani ya je ya ce masa yaga waccan, ga sabuwa. Haka burauzar wayarka take yi. Idan ka buɗe shafi, tana ajiye hotunansa da sauran kayan adonsa a cikin wayar, don gobe idan ka dawo kada ta sake sauko da su daga kwamfutar da shafin ke zaune a kai, wadda muke ce wa saba, wasu kuma su ce uwar garke.

Yawanci ba da ka burauza ke yin wannan ba, umarni ake ba ta. Duk fayil ɗin da uwar garke ta aiko yana zuwa da 'yar takardar rakiya da mai karatu ba ya gani, a ciki sau da yawa akwai layin da ke cewa a riƙe shi na daƙiƙa kaza. Wannan tsari yana cikin ƙa'idar HTTP tun bugun 1.1 na shekarar 1997, kafin a haifi yawancinmu. Daƙiƙa 3600 awa ɗaya ke nan, 86400 kwana ɗaya. Da na koma na binciki namu shafin bayan abin ya faru, sai na tarar wanda ya gina shi ya sa wa duk hotuna max-age=2592000. Ku lissafa, kwana 30 cif. Ma'ana duk wayar da ta taɓa buɗe jadawali.jpg an ce mata kada ta sake tambaya sai bayan wata guda. Wanda bai taɓa buɗe shafin ba sai daren nan, shi ya samu sabon hoto. Wadda ta kasance tana dubawa kullum don kada ta yi kuskure, ita aka bari da tsohon. Mai himma aka hukunta, mai sakaci ya tsira.

Kuma ban ga laifin wanda ya sa kwana 30 ɗin ba. Tambarin ƙungiya da hoton shugabanni ba sa canzawa sai shekara-shekara. Bai taɓa zaton wani zai zo ya mayar da jadawalin tes hoto, ya riƙa musanya shi da suna ɗaya ba.

Ta cikin waya ita ce durowa ta farko. Akwai wasu a kan hanya. Yawancin ƙananan shafukan da ɗalibai ke haɗawa a kan WordPress suke, kuma WordPress yakan harhaɗa shafi ne daga rumbun bayanai duk lokacin da aka nema. Don a rage masa wahala sai a saka fulogin irin su WP Super Cache ko LiteSpeed Cache, su ajiye shafin a haɗe, su riƙa miƙa wa baƙi. Tarkon da ke nan shi ne, a yadda aka fi saita su, wanda ya shiga da kalmar sirri ba a ba shi kwafin da ake ba jama'a. Wato kai admin kana ganin sabo, duk sauran duniya na ganin tsoho, ka rantse su rantse. Gaskiya ne idan ka gyara rubutu ta hanyar da ta dace, waɗannan fulogin sukan share tsohon kwafinsa da kansu. Amma ka bi ta bayan gida, ka musanya fayil ta cPanel, ko ka taɓa wani ɗan akwatin sanarwa da ke fitowa a shafuka da yawa, ba lallai su san an yi komai ba.

Bayan wannan kuma wasu shafukan suna bayan kamfani irin Cloudflare, wanda ke da kwamfutoci a birane da yawa na duniya, har da Legas. Idan uwar garkenka tana Amurka ko Jamus, kamar yadda take ga da yawa daga masu sayen wuri mai araha, kwafin da ke kusa shi ke sa shafin ya buɗe da sauri. A saitinsa na asali ba ya riƙe rubutun shafi, amma yana riƙe hotuna da fayilolin PDF. Ku lura da wannan, don jadawali da jerin sunaye a makarantun nan kusan kullum hoto ne ko PDF.

Har ɗan hoton da taƙaitaccen rubutun da ke fitowa idan an tura adireshin shafi a Facebook ko WhatsApp, shi ma wanda aka ɗauka ne a lokacin. Wanda aka riga aka tura a guruf ba zai canza ba don ka gyara shafinka. Facebook dai yana da wani shafi mai suna Sharing Debugger inda za ka sa ya sake ɗaukowa. Mafi muni a cikinsu duka ba na na'ura ba ne, namu ne: sikirinshot. Wani ya ɗauka ranar Litinin, ya tura wa abokinsa, shi ma ya tura wani guruf, ranar Alhamis yana nan yana yawo, babu kwanan wata a jikinsa, babu maɓallin da zai share shi.

Ana danganta wata magana ga Phil Karlton, wanda ya yi aiki a kamfanin Netscape, cewa abu biyu ne kawai masu wuya a ilmin kwamfuta: sanin lokacin zubar da abin da ke cikin kash, da raɗa wa abubuwa suna. Ni da yamma ɗaya na faɗi duka biyun.

Da na ba wani abokina wannan labari, cewa ya yi to ku kashe kash ɗin mana kowa ya huta. Ban yarda ba. Duk wanda ya taɓa zama ƙarfe biyun dare yana jiran fotal ya buɗe a makon rajista ya san abin da ke faruwa idan dubban mutane suka taru a kan uwar garke ɗaya. Shafin ƙungiya da ke zaune a wuri mafi araha ba zai jure ko kaɗan daga wannan ba idan sai ya haɗa komai daga farko ga kowane baƙo. Sannan ga kuɗin data. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗi har kashi 50 cikin ɗari, kowa ya ji a aljihunsa. Ka sa ɗalibi ya riƙa sauko da hoton shugaban ƙungiya sanye da babbar riga sau goma a mako, da datar da ya saya da kuɗin abincin rana, wannan ba gyara ba ne. Abin da ake bukata shi ne a bambanta. Tambari ya zauna wata guda, ko shekara ma. Sanarwa kuwa a ba ta 'yan mintuna, ko a saita ta yadda burauza za ta riƙa tambaya kafin ta nuna. Tambayar ba ta da tsada: idan babu canji, uwar garke takan amsa da lamba 304, wato yi amfani da wanda ke hannunki, ba tare da ta sake turo fayil ɗin ba.

Wata maganar da na fi ji daga 'yan uwana masu karatun kwamfuta ita ce, ai ɗalibai ne ba su iya rifiresh ba. Wannan ta fi ba ni haushi. 'Yar ajinmu ta ja shafin ƙasa da yatsa ya juya ya sake buɗewa, ba sau ɗaya ba. Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne tun 2017 Chrome ya canza yadda sabuntawa ta yau da kullum ke aiki: yana tambayar uwar garke game da ainihin shafin ne kawai, hotunan da wa'adinsu bai cika ba sai ya ɗauko su daga ma'ajiya. Ctrl da F5 da muke taƙama da shi na mai laftof ne. Ina F5 a jikin Tecno ko itel? Sai mu ce to ta shiga saiti ta goge bayanan burauza. Mai karatun akanta ko aikin gona, da asuba, tana shirin fita, ta yaya ma za ta san akwai abin gogewa, alhali shafin ya buɗe lafiya lau bai nuna wata alama ba? Wanda ya ga shafi ya ƙi buɗewa ya san akwai matsala. Tsohon kwafi kuwa fes yake fitowa, kamar gaskiya. In kuma ta goge ba ta lura da akwatunan da ta zaɓa ba, ta fitar da kanta daga fotal da imel, ga kalmar sirri an manta tun ND 1.

Ban ce kada mai karatu ya san komai ba. Dabara ɗaya ta isa, kuma ina roƙon kowa ya riƙe ta: idan sanarwa ta shafi jarrabawa, ko biyan kuɗi, ko ranar rufe wani abu, ka sake buɗe adireshin a shafin sirri na burauzarka, wanda Chrome ke kira inkognito. Shi ba ya amfani da abin da wayar ta ajiye a baya. Ba zai tsallake kwafin da ke kan uwar garke ko na kamfanin da ke tsakiya ba, amma ya cire durowa ɗaya. Sauran ba aikinka ba ne, aikinmu ne.

Kuma aikin namu ba wani mai yawa ba ne, shi ya sa sakacin ke da ciwo. Da na raɗa wa sabon hoton wani suna, ko da jadawali-2.jpg ne, na gyara shafin ya nuna shi, da babu wayar da za ta kawo tsohon, don a wajen burauza sabon suna sabon abu ne. Minti ɗaya na ƙi kashewa. Da ma a ce ban sa hoto ba sam, na rubuta ranar da lokacin da hol ɗin da haruffa a cikin shafin, da ya fi sauƙin data, ya fi sauƙin karantawa a ƙaramar waya. Wannan al'adar ta ɗaukar hoton takarda mai hatimi a manna a shafi, na san dalilinta, hatimin ne ke sa a yarda. To a sa duka biyun mana, rubutu a sama, hoto a ƙasa.

Sai a rubuta a saman kowace sanarwa ranar da aka gyara ta da ƙarfe nawa, da abin da aka canza. Idan hoto ne, a rubuta a jikin hoton kansa, don ko an yi sikirinshot ya tafi da shaidarsa. Da jadawalinmu na ɗauke da wannan, da ni kuma na ce a guruf ku tabbata kun ga wanda aka rubuta Laraba ƙarfe 5 na yamma, da duk mai tsohon ya gane tun da daddare.

Idan shafin na da fulogin na kash ko yana bayan Cloudflare, akwai maɓallin sharewa, a danna shi bayan gyara. A nan ma akwai jeri: a fara da na uwar garke, sannan na waje. In ka fara share na waje, zai koma ya ɗebo tsohon daga ciki ya sake ajiyewa, ka dawo inda ka fara kana zagin kamfani. Kuma a sani, duk wannan sharewar ba ta isa cikin wayoyin mutane. Abin da burauza ta riga ta ajiye yana nan sai wa'adinsa ya cika, shi ya sa canza suna ya fi komai tabbas. Mai aikin gyare-gyare da yawa a zama ɗaya kuma, Cloudflare na da wani maɓalli da ke dakatar da kash ɗinsa na awa 3 sannan ya dawo da kansa.

Na ƙarshe shi ne wanda ba ya bukatar ilmin komai: ka ari wayar wani. Ba taka ba, ba laftof ɗin da ka yi gyaran da shi ba. Wayar abokin ɗaki wanda ya saba buɗe shafin, da datarsa, ba tare da ya shiga a matsayin admin ba. Abin da ka gani a nan shi ne abin da ka wallafa. Ni sai a lokacin SIWES na ga masu aikin gaske suna yin haka kafin su ce wa mai shafi an gama, na ɗauka tsabar tsoro ne, ban kawo shi cikin aikina ba sai da na ƙona hannu.

Ga shugabannin ƙungiyar ɗalibai kuma, ina da roƙo biyu. Na farko, a tsayar da ƙa'ida, a kuma nemi sassa su amince da ita, cewa duk canjin lokaci ko wuri da aka yi ƙasa da awa 24 kafin tes ko jarrabawa, saka shi a shafi kaɗai bai wadatar ba. A rubuta sabon lokacin ƙarara a saƙon da wakilan aji za su tura, a kuma manna a allon sanarwa. “Ku duba shafi” ba sanarwa ba ce, aike ne. Na biyu, idan ɗalibi ya zo da ƙorafin cewa tsohuwar sanarwa ya gani, a kira mai kula da shafin ya duba kafin a yanke hukunci. Na san abin da za a ce, kowa zai fake da wannan, kuma sikirinshot ana haɗa shi cikin minti biyu. Haka ne. Shi ya sa ba sikirinshot za a karɓa ba. A ce ya buɗe shafin a gaban mutane, a duba adireshin, mai kula da shafi kuma ya duba wa'adin da aka sa wa fayil ɗin da lokacin da aka musanya shi. Abu ne da ake tabbatarwa ko a ƙaryata cikin minti biyar. Maki 10 ko 15 na tes suna iya zama tazarar da ke tsakanin wucewa da kari-oba, kuma ga ɗan shekarar ƙarshe kari-oba na nufin ya dawo baɗi alhali abokansa sun tafi.

Abin da na yi ke nan a ranar, bayan na gama jin kunya. Na ɗauki laftof na je ofishin Malam, na ce Malam laifina ne, na nuna masa lambar nan 2592000, na yi masa bayanin mai fotokofi. Ya dube ni ya ce wato kai ne ka ƙi kai wa mai shagon sabuwar takarda. Na ce ni ne, Malam. Ya sa musu wata rana suka rubuta, ya kuma ce daga yau duk canjin da ya shafi darasinsa in kira shi in karanta masa abin da wayar wani ke nunawa.

Yanzu ina rubuta takardar miƙa aiki ga ƙanenmu na ND 1 da zai karɓi shafin. Wanda ya miƙa min kalmar sirri kawai ya turo min a WhatsApp, da “Allah ya taimaka.” A tawa na rubuta masa inda maɓallin sharewa yake, da wa'adin da na sa wa kowane irin fayil: tambari kwana 30, shafin sanarwa minti 5. Na kuma goge jadawali.jpg daga uwar garke gaba ɗaya, don kada shi ma wata Laraba ya ga sunan ya ji sha'awa.